Muryar Baba a Cikin XP

Litinin, 24 ga Maris, 2014
Halliru mai gyaran kwamfuta ya zo shago. Wai nan da sati biyu masu XP, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutata, za su daina kula da ita. Ya ce a Kano ko kyauta ba a karɓar kwamfuta mai ita yanzu. Na ce nan Kazaure ne, tana buga mini katin biki lafiya lau. Ya yi dariya: "Hajiya Uwa, mushe kike kiwo." Ji shi. Har yaushe ya koyi gyaran?

Alhamis, 27 ga Maris
Wani malami daga Roni ya kawo aikinsa a filas, ya ƙi buɗewa a kwamfutata. Ina kallo ya tsallaka titi zuwa shagon Daudu, mai sana'a irin tawa. Ba shi ne na farko ba.

Laraba, 2 ga Afrilu
Abin da ban faɗa wa Halliru ba. Kafin Baba ya rasu ya sa muryarsa a madadin kiɗan nan na kunnawa. Kullum na danna sai ya ce, "Bismillah, Uwa, a fara aiki." A tsaye nake jira, sai ya faɗa nake zama, yadda na saba tun yana raye. Idan aka goge XP, da shi za a goge.

Talata, 8 ga Afrilu
Yau ce ranar da aka ce. Na kunna. Baba ya yi magana. Kamar ma ya fi kusa.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na daure na faɗa wa Halliru. Ya ce ai da sauƙi, zai kwafe muryar a filas kafin ya goge. Ya yi ta bincike har la'asar, ya ce babu. Na ce kashe ka kunna ka ji da kunnenka. Ya kunna. Baba ya faɗa sarai, har da ɗan tarin nan nasa. Na ce, ka ji ko? Halliru ya ce, "Kiɗansu ne na kullum, Hajiya." Sai ya ɗago wayar sifika ya nuna mini. Ɓera ya cinye ta, har ta yi tsatsa. Ya dubi wayar, ya dube ni. To shi kansa kiɗan a ina ya ji?
Bai tsaya shan ruwa ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Ban buɗe ba. Tsoro nake ji, kuma kewarsa nake yi. Ban san wanne ya fi ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Sati guda, aikin da na samu katin suna ɗaya ne daga Gwiwa. Shagon nan Baba ya bar mini, ba zan zuba ido ya mutu a hannuna ba. Na kunna, na jira ya gama, na ce, "Baba, ka yafe mini." Na kira Halliru. Da ƙyar ya yarda ya zo, kuma a waje na zauna har ya gama goge XP ya sa sabuwa.

Litinin, 28 ga Afrilu
Sabuwar tana da sauri. Shiru take tashi. Na daɗe a tsaye.

Litinin, 19 ga Mayu
Aiki ya dawo, malamin Roni ma ya dawo da abokinsa. Tun safe mutane a bakin ƙofa kafin in buɗe. Na danna, na ja kujera, na hau bugawa. Sai da aka kira azahar na tuna ban tsaya jiran muryar Baba ba.