Kuka a Kan Ƙyauren Zaurenmu da Aka Ɗauke Bayan Zagayen Gari

Daga: Sadiyatu ɗiyar marigayi Malam Lawwali,
Gidan Malam Lawwali, kusa da Ƙofar Rini,
Cikin garin Sakkwato.

Zuwa ga: Mai Girma Di'o,
Sakkwato.

Alhamis, 22 ga Oktoba, 1931, daidai da 9 ga Jimada Sani, 1350.

Game da: Ɗauke ƙyauren zauren gidanmu da aka yi ranar Talata, da roƙon a tsayar da shi kafin motar fatu ta tashi zuwa Gusau ranar Asabar.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kuka a kan Malam Tambari, wanda ke zagayawa da baƙin Turawa cikin tsohon gari. Adalci ya tilasta mini in faɗa tun farko cewa akwai mutum na biyu da ya cancanci a kai ƙararsa, kuma shi ne ke riƙe da wannan alƙalami.

Na yi karatun Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu a gaban mahaifina, kuma ina karantar da matan unguwa da hantsi. Boko da ɗan Turanci na koye su wajen wana Junaidu, wanda yake akawu a kantin wani Bature mai sayen fatu. Shi ya kamata ya rubuta wannan takarda, amma ya ce maganar ta shafi gidan da yake samun abinci, saboda haka hannunsa na ciwo. Ga abin da ya faru, daki-daki.

1. Ranar Litinin, 19 ga Oktoba, ƙanwar Baturen kantin, wadda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Laima, ta nemi a zagaya da ita cikin gari a ƙasa. Ta ce tana son ganin cikin gidaje, inda Malam Tambari ba shi da ikon shiga. Junaidu ya ba da sunana ba tare da ya tambaye ni ba, ya ce yana da ƙanwa mai ilimi. Ni kuwa ko zare zan saya sai na aika, don kada mai talla ya tambaye ni wane launi. Haka na yi lulluɓi na bi su: Malam Tambari a gaba da sandarsa, Mai Laima a tsakiya, ni a baya kamar wadda aka ba ajiyar inuwarsu.

2. Mun bi ta marina, muka ratsa ta wajen majema, muka ga maƙera, muka tsaya daga nesa ta dubi Hubbare da masallaci. Duk tsawon hanya Malam Tambari yana ba ta tarihi da Turancin da ya koya lokacin da yake dafa wa Turawa abinci, kuma ina shaida cewa yana zuba wa tarihi gishiri fiye da yadda zai zuba wa miya. Ya nuna mata rariyar katangar Mode mai gishiri ya ce ramin harsashin igwa ne na shekarar zuwan Turawa, alhali a gabana aka gina katangar bara, kuma ruwan wanki na fita ta ramin a lokacin da yake magana. A marina ya ce akwai karofin da doki da mahayinsa suka faɗa tun zamanin da, har yau ba a kai ga gindinsa ba. Marinan suna ji, suna ta bugu, ba wanda ya ɗago. Duk abin da ya faɗa sai ta juyo ta tambaye ni ko haka ne. Ni kuwa ba a raine ni in ƙaryata dattijo a tsakiyar hanya ba, sai in sunkuyar da kai, ita kuma ta ɗauka na ce i. Don haka, Ranka shi daɗe, idan wata rana aka ji a ƙasarku cewa wata malama a Sakkwato ta tabbatar da labarin dokin, ni ce, kuma ina roƙon a sani cewa ƙasa nake kallo.

3. Gidan ƙarshe da aka shiga namu ne. Kakata Inna Kulu, mahaifiyar babanmu, ta karɓi baƙuwa da fura a sabuwar ƙwarya da goro, ta yi ta sa mata albarka. Da za ta fita, Mai Laima ta tsaya a zaure ta dubi ƙyaurenmu. Tsohon ƙyaure ne na itace mai kauri, da ɗaurin ƙarfe da manyan ƙusoshi aikin maƙeran Assada, kakanmu ya sa aka yi shi kafin ya yi aure. Ta shafa shi, ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Na fassara wa Inna. Inna ta ba da amsar da duk mai tarbiyya ke bayarwa, ta ce, "Ai naki na, ɗiyata."

A nan nake roƙon Mai Girma ya ba ni haƙuri in yi bayanin da ya kamata in yi ranar Litinin. A wajenmu idan baƙo ya yaba abinka, kai sai ka ce nasa ne. Shi kuma sai ya yi godiya, ya ce Allah shi bar maka, ya tafi ya bar maka abinka. Kowa ya fita kunyar ɗan'uwansa, ba abin da ya motsa daga wurinsa. Rabin al'adar yana hannun mai gida, rabi yana hannun baƙo. Mai Laima ba ta san an bar mata rabi ba, kuma ni aka ɗauko don in gaya mata.

An koya mini cewa mai isar da magana ba ya ƙari ba ya ragi, don haka na fassara maganar Inna tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Bayanin da zai biyo baya ya zo mini da Hausa, ya zo mini har da Larabci, amma kafin in jera shi da Turanci Mai Laima ta riga ta kama hannun Inna da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Ban iya tsinka wa mutum farin ciki a tsakiya ba. Malam Tambari yana bakin zaure, ya ji komai. Ya dube ni, na dubi inda na saba duba.

4. Ranar Talata, 20 ga wata, da hantsi, ina tsakiyar karantar da mata babin tsarki, Malam Tambari ya zo da leburori suka ciro ƙyauren daga mazauninsa. Da maƙwabta suka taru suna tambaya, ya ce kyauta ce tsohuwa ta yi, kuma shaidarsa ɗiyar malam ce da kanta, wadda duk unguwa ta san ba ta ƙarya. Ina bayan labule ina jin ana yabona. Inna ta fito bakin zaure. Ta sa aka ba leburorin ruwa, ta ce su yi hankali da gefen ƙasa don ya ɗan ci, sannan ta tsaya ta bi su da kallo har suka sha kwana.

Wannan shi ne babban kukana a kan Malam Tambari. Baƙuwa ba ta sani ba, ni kuwa na sani na kasa faɗa, amma shi ya sani kuma bakinsa bai taɓa gajiya ba. A garin nan aka haife shi. Sau nawa aka yaba rigarsa ya ce wa mutum tasa ce, kuma ba a taɓa ganinsa ya koma gida ba riga ba.

5. Ranar Laraba, 21 ga wata, na yi abin da ban taɓa yi ba: na tafi gidan Baturen da ƙafata don in warware maganar. Na shirya jawabi tun daga gida, na yi ta bitarsa a hanya yadda ake bitar hadda. Na tarar an jingine ƙyauren a baranda, an wanke shi da sabulu har ya yi fari, ban gane shi ba sai da na ga inda Junaidu ya kankare da wuƙa yana yaro. Mai Laima ta yi murna da ganina ƙwarai. Ta ce za ta kafa shi a bangon ɗakin baƙinta a ƙasarsu, inda ba zai buɗe komai ba, ba zai rufe komai ba. Ta tambaye ni ko bai yi kyau ba yanzu. Na ce ya yi kyau. Ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce gaisuwa. Ta ba ni gwangwanin biskit in kai wa Inna, na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya da Turanci mai kyau.

Sai da na shigo gida na gane abin da na ɗauko. Inna ta dubi gwangwanin ta ce to, ga tukuici ya zo, magana ta ƙare. Ta raba wa matan unguwa, kowa ya ci. Na fita karɓo ƙyaure, na dawo da hatimin da ya tabbatar da kyautar, kuma ni na ɗauko shi a kaina.

6. Na koma ga littattafan mahaifina ina neman mafita. Abin da na fahimta shi ne kyauta tana ƙulluwa da furuci, tana cika idan an karɓa, kuma an ƙi mutum ya yi kyauta ya koma mata. Wato karatun da na yi shekara da shekaru ya tashi ya koma bayan Mai Laima ya tsaya. Hujja ɗaya na samu: ƙyauren cikin gadon da ba a raba ba yake, ba na Inna ita kaɗai ba ne, akwai haƙƙin Junaidu da nawa. Mai Girma na iya aiki da wannan hujja idan ya ga dama, amma ina roƙon kada ta kai kunnen Inna. Gara in rasa ƙyaure da in gaya wa tsohuwar nan cewa ƙofar da aka shigo da ita amarya ta cikinta ba tata ba ce.

7. Halin da gidan ke ciki yanzu shi ne an rataya tsohuwar tabarma a bakin zaure. Awakin maƙwabta sun gane haka tun ranar farko, sun cinye geron da aka shanya. Matan da nake karantarwa sun rage zuwa, don mai wucewa na iya hango tsakar gida idan iska ta ɗaga tabarmar. Waɗanda suka zo kuma jaje suke zuwa yi, suna kirana Tafinta, suna yaba tukunya da turmi da gadona, suna jiran su ji abin da zan ce. Wannan duk mai sauƙi ne, na kuma cancance shi.

Abin da ba shi da sauƙi shi ne Inna. Tun ranar Talata ta shimfiɗa buzunta a bakin zaure, a daidai inda ƙyauren yake, ba ta tashi sai don salla. Ta ce gida ba ya zama ba ƙofa, tunda ita ta bayar, ita za ta zauna a madadinsa. Tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, ga rana ga iska, abinci kuma sai an yi da gaske take taɓawa. Junaidu ya ce zai sa a yi sabon ƙyaure na kwano, ta ce ya kai kantinsu. Ta ƙyauren nan aka fita da gawar mijinta, ta nan aka fita da ta ɗanta, mahaifinmu. Jiya da la'asar na ji tana gaya wa wata tsohuwa ƙawarta cewa ita dai ta so a ce ta nan za a fita da ita, amma bakin da ya ba da abu ba ya komawa roƙonsa. Ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka, Ranka shi daɗe, ina roƙo cikin ladabi:

Na farko, a aika gidan Baturen kafin ranar Asabar, 24 ga wata, a hana ɗora ƙyauren a motar fatu. Junaidu ya ce idan ya kai tashar jirgi a Gusau, sai dai labari.

Na biyu, a yi wa baƙuwar bayanin al'adar nan a hankali, ba tare da an kunyata ta ba, domin ba ta yi nufin cuta ba, kuma ina kyautata zaton da ta sani da ba ta karɓa ba. Haka kuma kada abin ya taɓa aikin wana.

Na uku, a ja kunnen Malam Tambari. Ba na neman a hana shi sana'arsa, yana da iyali. A dai gaya masa ya bar ƙofofin mutane inda ya same su.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci, kada a ce wa Inna an maido mata da kyautarta, don ba za ta karɓa ba, kuma za ta ɗauka an zage ta. A kawo shi a matsayin kyautar ban kwana daga baƙuwa zuwa gare ta, domin kyautar baƙo ba a mayar da ita. Ko da hakan, za ta ce a'a, za ta ce a mayar, za ta rantse ba ta bukatarsa. Ina roƙon duk wanda aka aiko ya yi kamar bai ji ba, ya sa leburori su ci gaba da kafawa tana cikin magana. Idan baƙuwar za ta zo da kanta, marhabin da ita, amma a roƙe ta kada ta yaba komai, kuma a zo da wani tafinta.

Ina roƙon gafara kan tsawon takarda da karkacewar rubutu, hannuna ya fi sabawa da ajami. Allah shi ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci, shi sa wannan kuka ya riski kunnensa kafin mota ta tashi.

Mai biyayya gare ka cikin ladabi,

Sadiyatu ɗiyar Malam Lawwali.