Kujerar Baba

Mama,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar taki, ya sanyin Orkney? Ni lafiya lau nake a Landan. Ɗakin ne dai ba ɗumi, amma rigar ulun da kika saƙa mini tana ƙoƙari, tarin ma da sauƙi.

Jiya malaminmu na shari'a ya ce tsarin mulkin ƙasarmu ba a littafi ɗaya yake ba. Wani sashe majalisa ce ta kafa, wani alƙalai suka yanke, sauran kuwa al'ada ce da ba a rubuta ba, amma ba mai taka ta. Ya ce, "Rhona, ba mu misali." Bakina ya suɓuce na ce, "Kujerar babana. Tun rasuwarsa ba wanda ya hana, ba kuma wanda ya zauna." Aka yi dariya, ni kam na kasa.

To, na ji Yaya Erlend zai fitar da ita, wai ta tsufa. Ki gaya wa sarkin gaggawa, irin wannan doka ba mutum ɗaya ke soke ta ba, sai majalisar gida ta cika. Ina tafe da Kirsimeti. Kafin nan, a bar ta a bakin murhu.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Rhona