Rufin shekara goma

Litinin, 7 ga Oktoba
Ruwa tun asuba. Tukunyar miya ma yau ta koma tarar yoyo a ɗakin sama. 'Yata Nolwenn ta bugo waya daga birnin Rennes: "Mama, ko a gyara rufin nan kafin hunturu, ko ki tattaro ki dawo wajena." Gidan benen da ba ko lambu, sai lif, na'urar hawa sama. Allah ya kiyaye.

Laraba, 9 ga Oktoba
Tugdual mai gyaran rufi ya zo ya duba. Ubansa ne ya jera mana fallayen dutsen rufin nan, shi da mijina marigayi Goulven suka tafa hannu, magana ta ƙare. Yanzu Nolwenn ta kafe sai na nemi takardar inshorarsa, wadda ke lamunce aiki har shekara goma. In babu, ba za ta yarda ya hau ba. Yaron da na goya ranar bikin yayarsa zan ce wa ban yarda da shi ba? Na ba shi kofi da fanke, na yi ta zancen kaji har ya tafi.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Shekara goma! Ina da saba'in da tara. Tun rasuwar Goulven ko man shanu ƙaramin ƙunshi nake saye, don ban san ko zan kai ƙarshen babba ba.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na tambayi Tugdual takardar a kasuwa, idona kan kifi. Ya kwashe da dariya har mutane suka juyo. "Haba Inna Soazig, shi ne kika yi ta kewaye-kewaye da kaji? Duk shekara inshorar nan sai ta tatse ni, ba mai tambaya. Yau dai ta yi rana!" Da gudu ya ɗauko ta daga mota. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Talata, 15 ga Oktoba
Nolwenn ta ce takarda kowa na iya bugawa, in kira kamfanin da kaina. Yarinyar nan halin ubanta ta kwaso kaf. Na kira. Wata mai zaƙin murya ta duba, ta ce inshorar na nan daram, kuma har da aikin fallayen dutse a ciki. "Daga ranar da ya gama, in ya yi yoyo cikin shekara goma, ki kira mu." Na ce 'yar nan, kin san shekaruna kuwa? Ta ce, "To sai me? Ni dai ki adana lambar." Na ajiye waya. Rabon da wani ya yi mini zancen gaba haka kai tsaye, na manta.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Kwana da kwanaki ana ƙwanƙwasa a kaina. Tugdual na waƙa a saman tsani, muryar ba daɗi, amma gidan ya yi rai.

Laraba, 20 ga Nuwamba
An gama. An kwana ana ruwa, ɗakin sama a bushe ƙayau. Tukunya ta koma kan murhu. Nolwenn ta bar zancen Rennes, wai za su zo nan Kirsimeti. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba
Na je sayen abincin kaji ne kawai. A bakin ƙofar shagon na ga dashen tuffa, irin wanda Goulven yake so. Mai shagon ya ce, "Inna, wannan fa sai ya shekara biyar ko shida kafin ya yi 'ya'ya." Na ce na ji, ba kurma ba ce ni.
Biyu na saya.