Madara Ba Ta Wanke Hayaƙin Taya

Daga Arlit

Yaya Liya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Inna da ciwon ƙafar? Na ji bana ma gero bai yi ba a Maradi. Allah ya kawo sauƙi.

Ni lafiya lau, sai ɗan tarin nan. Tun da aka sallame mu daga ramin haƙar ma'adinin uraniyom nake babbakar kawunan awaki da wutar tsofaffin tayoyin kamiyo, manyan motocin kaya. In na tashi aiki sai in sha madara don ta wanke ƙirji, yadda muka saba a rami.

Jeanne, ma'aikaciyar asibiti da muke majami'a ɗaya, ta ce ɓarnar madara nake yi. Wai a jini akwai wani sinadari mai gadin huhu. Dafin hayaƙin, aldehayid ta kira shi, in ya shiga sai ya manne wa sinadarin ya sauya shi. Mai gadi yana bakin ƙofa, amma an ɗaure masa hannu, ana ɓarna yana kallo. Na ce, "To me zai kwance shi?" Ta ce, "Madara dai ba ta kaiwa can. Ka bar hayaƙin."

In bar shi in ci me? Ko na ce zan dawo gida, hanyar Agadez ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, saboda 'yan tawaye.

Kin ce za ki turo ɗanki Filibus ya kama mini aiki. Yaya, don Allah kada ki turo shi. Gara ya sha yunwa kusa da ke, da numfashinsa cikakke.

Kada Inna ta ji zancen tarin.

Ƙanenki,
Andarawus