Na rantse wa Inna zan binne ta a tsallaken iyaka

Goggo Leida, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina. Shekaruna hamsin da tara, a garin Värska na ƙasar Estoniya nake, ina dafa wa 'yan makaranta abinci. Mu 'yan ƙabilar Seto ne gaba da baya.

An haifi babanmu Teppo lokacin da gundumar Petseri ke cikin Estoniya. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ja layin iyaka, aka ce ƙauyenmu na Rasha ne. Ba wanda ya damu, tunda gwamnati ɗaya ce a kanmu duka. A keke nake zuwa gida kowace Asabar. Kwatsam gwamnatin ta wargaje, aka kafa shingen waya da masu gadi a kan iyakar. Lokacin Baba ya riga ya rasu, yana kwance a maƙabartar cocinmu ta can. Na ɗauko Inna Ode na dawo da ita wurina saboda ciwon ƙafarta. Yayana Semmen kuwa ya ce ba inda za shi, in kowa ya tafi wa zai riƙa shimfiɗa abinci a kan kabarin Baba ranar biki, kamar yadda al'adarmu take?

Shekara kusan talatin Inna na nan, amma kullum gida a bakinta can ne. Da jikinta ya yi tsanani bara, ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke 'yar nan, kusa da Teppo za ki sa ni. Rantse." Na rantse, Goggo, alhali na san takardar izinin shigata can ta daɗe da ƙarewa kuma ba a ba ni sabuwa ba. Ta yi murmushi, ta nemi cuku ta ci ɗan kaɗan. Bayan kwana uku ta cika.

Na yi yawon ofisoshi har ƙafata ta kumbura, ba a dace ba. A nan muka binne ta. Shi ma Semmen bai samu ƙetarowa ba. Da na kira shi ya ce, "Kin yaudari tsohuwa tana kan gargara, kin binne ta cikin baƙi. Dama ke kin daɗe da zama 'yar can." Wata bakwai ke nan ba ya ɗaukar wayata, ga shi tsakaninmu tafiyar da ba ta kai awa guda a keke ba. Ni ce mai ba da waƙa a ƙungiyar matanmu, yanzu in na buɗe baki kuka ke zuwa. Na ci amanarta ne? In ci gaba da nemansa, ko in ƙyale shi?

'Yar Ode, daga Värska

'Yata, Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri.

Gaskiya kin yi rantsuwa a kan abin da ba ya hannunki, shi ya sa yake cin ranki. Amma da kin ce mata a'a, da baƙin ciki za ta tafi. Kin yi jinyarta shekara da shekaru, kin kuma nemi cika alkawarin iya ƙarfinki. Wannan ba cin amana ba ne. Ki je wurin limamin cocinku ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, ki sauke wannan nauyin.

Maganar Semmen ta yi zafi, bai kyauta ba. Sai dai ki duba halinsa. Ke kin wanke ta, kin raka ta. Shi bai ga fuskarta ba, kuma duk waɗannan shekarun yana gyara mata wuri kusa da Baba. Ba zai iya yi wa shingen waya da masu gadi tsawa ba, sai ya yi miki.

Ki daina kira haka nan. Ki rubuta masa wasiƙa da hannunki, da harshenku na gida, ki ba wanda ke samun ƙetarawa. Kada ki kare kanki a ciki. Ki ba shi labarin kwanakinta na ƙarshe: abin da ta ce, wanda ta ambata, matan da suka yi mata kuka. Haƙƙinsa ne ya sani. Ki ce masa iyayenku biyu ne, shi yana riƙe da ɗaya, ke kina riƙe da ɗaya, kuma kin gode masa.

Zai iya yin shiru, har ya daɗe. Ki sake rubutawa. Ku biyu kaɗai kuka rage, kuma ba wanda ke ƙara ƙuruciya a cikinku.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ku ga juna da rai.

Goggo Leida