Na sa an kurmantar da kwamfutar da 'yata ta saya min

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya dame ni, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai ke da ba ki san fuskata ba. Ki yi haƙuri da rubutun, karatuna bai yi nisa ba, yadda nake magana haka nake bugawa.

Ni sabulun ruwa nake haɗawa a gida da man shafawa, ina sarar wa masu shaguna. Takardar da ake liƙawa a jikin roba ni nake tsara abata. Wata tsohuwar kwamfuta ce gare ni, mai ƙaton kai, da firinta. Na san ta kamar yunwar cikina. Ko an ɗauke wuta an dawo da ita, na san inda zan taɓa furen nan ya fito a gefen sunan sabulun.

To babbar 'yata, Lauya muke ce mata. Ba shari'a ta karanta ba, ma'aikaciyar jinya ce, baki ne Allah ya ba ta tun tana ƙarama. Aiki ya kai su nesa ita da mijinta da 'yarsu, wadda takwarata ce. Da suka zo hutu sai ga ta da laftof sabo fil a kwali, wai don mu riƙa ganin juna ni da takwara, tunda wayata mai madannai ce. Ta sa hoton yarinyar a fuskarsa, da an buɗe ita za a fara gani tana dariya da haƙora biyu. Na yi kukan daɗi. Ina kicin ina haɗa musu abinci ashe ta kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ta ba shi tsohuwar tawa, wai ta tare wuri a falo. Allah ya so takarduna suna cikin filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta.

Da la'asar ta zaunar da ni za ta koya min. Anti, koyarwar nan da hannunta ta yi ta. Kafin in ga inda ta taɓa ta wuce wuri uku. Da na kai yatsa sau ɗaya komai ya ɓace, sai surukina da ke kan kujera ya yi 'yar dariya, ba da mugunta ba, amma ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga nan duk abin da ta tambaya sai in ce na gane. Wallahi ban gane komai ba.

Bayan sun tafi na sa filas, abin tsara takardata ya ƙi buɗewa. Firinta ma ta yi kamar ba ta san shi ba. Masu shago suna ta kira, robobi cike a tsakar gida ba suna a jikinsu. Sai na naɗe laftof ɗin a zani na kai wa wani mai gyara a layin masu waya. Na ce ya cire wannan windo ɗin da ke ciki, wato manhajar da ke tafiyar da injin, ya sa min tsoho irin wanda na sani, mai koren tudu da sararin sama. Tsakani da Allah mutumin nan ya gaya min gaskiya. Ya ce Mama, wannan injin bai san tsohon windo ba, ko ya karɓa wasu abubuwan ba za su tashi ba. Na ce kai dai sa, ni da kayana. Ya sha wahala kafin windon ya shiga, sai da na koma washegari.

Yanzu takarduna suna fita tsaf, furena ya dawo, firinta tana aiki. Amma ba sauti, ba kyamara, ba ya kama intanet, wurin shafa yatsan nan ma ya mutu sai da na saya masa linzami. Wasiƙar nan a kansa nake buga ta, in fitar a takarda in aiko miki. Hoton takwara kuma ya tafi. Duk na buɗe sai tudun nan ya kalle ni in kalle shi. Baban yara ya sa masa suna kurma. Da safe zai leƙo ya ce yaya kurmanki ya kwana. Na roƙe shi ya rufa min asiri, ya ce shi bakinsa alekum, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk ƙarshen mako Lauya za ta kira ƙaramar wayata ta ce in buɗe mu ga juna, in ce ba netwok. Ta turo data, na ce ba netwok. Ta aiko da akwatin intanet ɗin nan mai fitila, na jona shi yana ta ƙifta ido, na ce har yanzu dai. Takwara ta fara magana, kin san me take kirana? Kaka ba netwok. Uwarta tana dariya tana maimaita min, ni ina riƙe da waya hawaye na zuba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Lauya ta yanke cewa mai shagon da ta saya a wurinsa ne ya cuce ta da mataccen kaya. Ta riga ta kira shi ta wanke shi tas. Ƙarshen wata za ta zo ta ɗauki laftof ɗin mu je tare, wai ni ce shaida. Bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Yana buɗewa zai ga tudu. In sa a mayar da sabon windon a ɓoye in ce ya gyaru da kansa? To sabuluna fa? Ko in faɗa mata? Da wane baki zan ce wa 'yar da na haifa ƙarya nake mata?

Uwar da kunya ta rufe

*

Mama mai sabulu, sannu da ɗawainiya. Fara kwantar da hankalinki: laftof ɗin bai mutu ba. Kyamara, lasifika da abin kama intanet duk lafiyarsu ƙalau. Kowannensu yana buƙatar wata 'yar manhaja da za ta haɗa shi da windo, kuma masu ƙera sababbin injuna sun daina yi wa tsohon windo irinta. In aka mayar da sabon, za su farka. Ki kwashe takardunki a filas kafin a taɓa komai. Kada ki nemi a yi dabarar da wannan tsohon zai shiga intanet, domin an daina yi masa kariya, ƙofa ce ba sakata.

Sana'arki ma ba za ta tsaya ba. Mai gyaran da ya gaya miki gaskiya tun farko, koma wurinsa. Ya gwada ko manhajar takardunki da firintar za su yi aiki a sabon windo, don wani lokacin saiti kawai suke so. In sun ƙi, ana iya yi wa tsohon windon ɗaki a cikin sabon, ki shiga ki yi aikinki ki fito. In hakan ya yi miki nauyi, ki nemi tsohuwar kwamfuta ta hannu ki ware ta don sabulu kaɗai.

Amma gyaran ɓoye ban ba ki shawararsa ba. Zai rufe tudun, ba zai wanke mai shagon da aka zaga ba, kuma za ki ci gaba da zama da injin da kike tsoro.

Laifin ba naki kaɗai ba ne. 'Yarki ta yi kyauta da zuciya ɗaya, sai dai ta ba da kayan aikinki ba ta tambaye ki ba, ta kuma koya miki a guje a gaban suruki. Son abin da hannu ya saba ba jahilci ba ne, da shi kike ciyar da gida. Naki kuskuren kalma ɗaya ce, “na gane”. Duk sauran ƙaryar 'ya'yanta ne.

Ki kira ta a makon nan, kada ki jira ta kamo hanya. Ki fara da cewa mai shago ba shi da laifi, sannan ki faɗi sauran yadda kika faɗa mini, har da dariyar surukin da zancen tsohuwar kwamfutarki. Za ta yi faɗa, Lauya ce. Bar ta ta sauke. Ina zaton in ta ji dalilin, kunyarta za ta fi taki. Ku ba mutumin nan haƙuri ku biyu. In ta zo kuma, ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa, ta zauna a kan hannayenta, ke ki taɓa, ki ɓata, ki sake. Duk inda ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, ko sau nawa ne.

Ki hanzarta, Mama, yara suna riƙe suna. Allah ya sa wa sabulu albarka, ya sanyaya bakin Lauya, ya nuna wa takwara fuskarki kafin “ba netwok” ya bi ki har girmanta.