Bargon Zainab a Falo

Daren Laraba, unguwar Madain Fahd, Jidda

Na gaji. Na wuni ina suyar ƙosai, ga maƙwabta sun ishe ni da tambayar yaushe 'yata Zainab za ta aiko musu da tsarabar Suwizalan.

Bayan magariba ta kira ni ta bidiyo. Na gan ta a falo lulluɓe da bargo, na ce, "Zazzaɓi kike yi?"

"La, Umma, ɗumama ɗaki ne da tsada. Haya ta cinye albashin Baban Amira. Kaɗan muke kunna hita, halas."

Ashe jikata da safa take kwana.

Na kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na kwanta, gumi har wuya. Da ana zuba zafin Jidda a kwali, wallahi da gobe na aika musu tare da dabino.